Goggo da Ɗan da Ta Ɓoye wa Mutuwa

Ranar da muka kai Goggo makwancinta, magana ɗaya ce ta yi ta yawo daga zaure zuwa cikin gida: ta huta. Liman ya faɗa. Masaƙan da ke sayen zarenta suka faɗa. Matan da suka tako tun daga Runjin Sambo cikin zafin bazara suka faɗa tun kafin a ba su ruwa. Kowa ya ce ta huta, sai ya saci kallon tabarmar da aka shimfiɗa kusa da ƙofar zaure, wadda ɗanta ya kamata ya zauna a kai ya karɓi gaisuwa. Ba kowa a kanta. Ba wanda ya tambayi inda yake, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin naɗe ta.

Wadda ta fi kowa kuka ita ce wata tsohuwa mai ginin tukwane. Da wata rana ce daban, da na ce kukan ciniki take yi, domin tulunan da Goggo ta saya a hannunta, in aka jera su, sai su kai bakin gulbin Rima su dawo. Amma ban ce ba. Mutane kuwa suka lura. Wani maƙwabcinmu ya zungure ni ya tambaya ko lafiya, ga shi har azahar ta yi ba su samu ko ƙarya ɗaya daga bakina ba.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, kuma kowa a unguwarmu ya san bakina ya fi askata kaifi. Ni ne na ce na ga kifi a Rima ya haɗiye jaki da kayan gishirinsa, ya fito tudu yana roƙon ruwan sha. Ba na musun wannan suna. Amma na ji yadda ake ambaton Goggo a kwanakin nan, ana cewa uwar wancan, baiwar Allah, ta sha wahala. Na ga in aka bari, abin da zai rage kenan. Shi ya sa na ɗauko alƙalami da ɗan ajamin da na tsira da shi daga makarantar allo. Wanda ya san ni ya rage rabi a duk inda ya ga dama. Akwai wuri ɗaya da zan roƙe shi kada ya rage kome, zan nuna masa idan mun kai.

Goggo ƙanwar babana ce. Mace ce 'yar firit, na sha cewa in guguwa ta taso sai mun ɗaure ta a jikin turmi. Sana'arta kaɗi. Yatsunta uku kullum fari fat da alli, mazari na juyawa, taskirar auduga a gefe. Zarenta don siranta, gizo-gizon gidanmu ma wurinta yake zuwa koyon aiki. Ba ta dariya da baki. In na yi wata shirgegiyar ƙarya, kafaɗunta ne kawai suke girgiza, ta ce Allah ya shirye ni, ba tare da ta ɗago kai ba.

Kafin ta dawo gidanmu da zama, ta binne 'ya'ya huɗu. Kowane sai ya kai lokacin da zai fara gane ta, ya fara miƙo hannu, sannan ya koma. Tsofaffin mata suka ce wabi ne, wato yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa, kuma abin da ke jan mutuwa shi ne ɗokin da uwa ke nunawa. Da ta samu ciki na biyar aka kawo ta gidanmu ta haihu. Ina da wayona a lokacin, na fi shekara goma, na ga kome da idona.

Washegarin haihuwa da hantsi, ungozoma ta naɗe jaririn a tsumma ta kai shi kan jujin bayan gida, cikin toka da ɓawon gujiya, ta ajiye. Aka sa Goggo ta tsaya a bakin danga ta ɗaga murya ta ce ba ta so, a bar shi nan. Ta faɗa sau uku. Sai innata ta bi ta wajen kamar mai wucewa, ta ɗauke shi, ta ce ta yi tsintuwa. Babana ya ce wannan camfi ne, malamai sun hana, kuma kunya ce a yi shi a garin da Hubbare yake. Yana faɗa yana wasa aska. Shi da kansa ya yanke ɗan gefen kunnen yaron na hagu, don mutuwa in ta zo ta ga kaya ne mai aibi. Ranar suna liman ya raɗa masa suna mai kyau, wanda ban ƙara jin kowa ya kira shi da shi ba. Laƙabin Ajuji ne ya bi shi.

Ba Goggo kaɗai ta taɓa yin haka ba. Mata da yawa sun yi a birnin nan. Sai dai su, da yaro ya wuce yaye ya yi ƙwari, sukan watsar da abin, har ya zama labarin dariya. Ita ma ta kusa watsarwa. Mijinta ya rasu yaron na da shekara biyu, ta zauna a gidanmu gaba ɗaya. Da ya shekara huɗu, ranar wata ƙaramar Salla, ta ɗinka masa 'yar riga da zaren hannunta. Ta ɗora shi a cinya a tsakar gida, kowa na gani, ta shafa kansa ta ce masa ɗana. Innata har ta yi guɗa.

Kwana uku bayan haka cutar agana ta kama shi.

Ya yi sati uku tsakanin nan da can. Ya tashi, fuskarsa duk zanzana. Ranar da ya fara shan kunu, Goggo ta ɗauki rigar nan ta ba wani mabaraci. Daga ranar ba ta ƙara ɗora shi a cinya ba, ba ta ƙara kiransa ɗanta ba. Ta yanke wa kanta hukunci cewa bakinta ne ya nuna wa mutuwa hanya. Yaron ya tashi yana kiran innata Inna, ita kuma yana ce mata Goggo kamar yadda muke cewa.

Dole in yi adalci a nan, domin ita ba ta yi wa kanta ba. Yaron nan tun yana goye ba mai sauƙi ba ne. Yakan yi kuka har ya shiɗe ba a san dalili ba. In ransa ya ɓaci yakan buga goshinsa da bango har jini ya fito. Ba ya iya zama wuri ɗaya ko da tsawon Fatiha. A makarantar allo ya ciji malam a cinya, cizon da na sha cewa har yau malamin da ɗingishi yake zuwa masallaci. Wani lokaci kuma sai ka same shi ya tsuguna yana ba ɗan tsakon da ya karye ruwa da yatsa, yini guda. Ba wanda ya san yadda Allah ya ƙera zuciyarsa. Mutanen unguwa suka ce Goggo ce ta ɓata shi don ba ta taɓa dukansa ba. Ita kuwa ta ce ita ta ɓata shi don ba ta taɓa rungumarsa ba. A abu ɗaya suka haɗu da ita, cewa laifin nata ne.

To ga nawa rabon. Shi ɗan goggona ne, ni ɗan kawunsa, wato taubasai muke, wasa tsakaninmu halal ne. Wata rana yana da kamar shekara bakwai, ni ina saurayi ina koyon aski, ya zubar mini da ruwan sabulu a gaban mutane. Sai na ce masa ya yi a hankali, ni na ga ranar da aka yar da shi a juji. Na ce ungulu uku suka sauko, suka zagaya shi, suka shinshina, babbarsu ta ce su dai sun ƙoshi. Zaure ya kwashe da dariya. Na ji daɗin kaina, har na ƙara da cewa kazar maƙwabta ma ta tona gefensa ta bar shi.

Shi bai yi dariya ba. Ya shiga cikin gida, na bi shi ina murmushi. Ya tsaya gaban Goggo tana kaɗi, matan gida na surfe, ya tambaye ta ko gaskiya ne ta yar da shi ta ce ba ta so. Mazarin ya tsaya. Na ga ta dubi zanzanar fuskarsa, ta dubi sama kamar mai tsoron wani na saurare.

Ta ce, "Hakanan na."

Ya juya. Randa biyu da tulu huɗu ke gidanmu, kafin a riƙe shi bai bar ko ɗaya ba. Daga nan ya fita ya shiga gidan maƙwabta. Ranar ce Goggo ta fara zuwa wurin mai ginin tukwane, ranar ce kuma ta fara faɗin maganar da ta zama tata har ta mutu. Takan tsaya a ƙofar gidan da aka yi wa ɓarna, sabon tulu a ka, ta yi sallama ta ce, "Ni ta, ba shi ba na." Shekara ashirin da wani abu tana wannan yawo. Ya fasa kan ɗan wani, ita ce. Ya saki awakin wani cikin gero, ita ce. Ya kwashe tsiren mahauci ya watsa wa karnuka ba tare da ya ci ko tsinke ɗaya ba, ita ce. Yara har suka riƙa kwaikwayonta a dandali.

Shekarar da Nasara suka shigo, yana da kamar goma. Da safiyar da bindigoginsu suka yi ta ƙara a bayan ganuwa, unguwarmu ta watse. Muka ɗauki abin da hannu zai ɗauka muka bi ayarin masu fita. Sai da muka yi nisa aka duba ba a ga yaron ba. Babana ya ce ba mai komawa, Allah ya tsare shi. Goggo ba ta yi musu ba. Ta sauke ƙunshinta a gindin wata bishiya, ta ce wa innata ta yi mantuwa, ta juya ta nufi garin da kowa ke gudu daga cikinsa.

Sai la'asar suka iso mu. Ƙafafunta duk sun fashe. A kan soron wani gida ta same shi, ya hau yana kallon hayaƙi. Babana ya hau ta da faɗa, yana tambaya ko ta haukace ne, me ya mayar da ita. Yaron na tsaye a gefenta, na ga ya ɗago kai yana jiran amsar. Sai ta zaro abu daga ƙugunta ta nuna.

"Mazarina nim mance."

Ban taɓa ganin fuskar yaro ta rufe kamar yadda tasa ta rufe ba. Ya tafi can nesa ya zauna ya ba mu baya.

Rigima ɗaya na san ta taɓa yi da babana, kuma ta isa. Bayan mun dawo gari abubuwa sun lafa, yaron ya kai shekara goma sha uku, ya cinna wa dangar wani maƙwabci wuta, Allah ya sa ba ta kai rumbu ba. Babana ya ce ya gaji da sunkuyar da kai a masallaci. Ya shirya da wani malami mai sa wa gagararrun yara mari a ƙafa, har maƙeri ya kawo ƙarfen. Goggo ta fito zaure, abin da ba ta taɓa yi ba in akwai maza. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafunta gaban maƙerin ta ce ya auna, in ya yi mata yawa a rage. Babana ya ce ta tashi, tana ba shi kunya. Ta ce wanda ya yi laifi shi ake ɗaurewa, ga mai laifin nan zaune. Maƙeri ya tattara kayansa ya fita. Damina guda cur ba su yi magana da babana ba, sai dai ta aiko ni in gaishe shi, shi ma ya aiko ni in amsa, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu. Yaron bai ga wannan ba, yana can bakin gulbi. Da na ba shi labari ya ce in je in gaya wa kifin nan nawa.

Da ya girma abin bai ragu ba, sai dai ya yi nauyi. Ya ƙi aski, ya ƙi saƙa, ya ƙi noma. Ya bi masu ɗaukar kayan Nasara zuwa kudu, ya yi shekara biyu ba labari, ya dawo da tabon wuƙa a kafaɗa ya tare a Sabon Gari. Sau biyu yana zuwa gaban alƙali kan faɗa. Na biyun aka ɗaure shi wata shida. A lokacin akan fito da 'yan gidan yari da sarƙa su yi aikin hanya. Kullum Goggo takan ɗauki taskirarta ta tafi ta zauna gindin wani marke kusa da inda suke fasa dutse, ta yi ta kaɗi har a mayar da su. Ba ta kallonsa, shi ma ba ya kallonta. In wani ya tambaya, sai ta ce inuwar wurin ce ta fi ta gida sanyi. Takan bar ƙwaryar fura wurin mai gadinsu ta ce ragowa ce, a ba duk wanda aka ga dama.

Ta sha zuwa Hubbare ranar Juma'a ta yi addu'a. Wani tsohon malami da ke zama a wajen ya san ta, ya kuma san damuwarta. Ina wurin ranar da ya yi mata nasiha, nasiha mai kyau ƙwarai. Ya ce shiriya ba a hannun uwa take ba, ajali kuma ba ya jin abin da baki ya faɗa, abin da ta riƙe camfi ne, ta tuba ta sake shi. Ya tuna mata cewa Annabi Nuhu ma ɗansa ya ƙi shi, ba kuwa don ya gaza ba. Goggo ta saurara har ya gama, ta yi godiya. Muna fitowa ta ce mini, a hankali, "Annabi Nuhu ai ya kirayi nashi, yac ce mai ɗana. Ni hwa?"

Na ce to ta kira shi mana, me ya rage? Ta ce ta san malam ya fi ta gaskiya, kanta ya yarda. Amma duk ranar da ta buɗe baki, sai ta ga rigar Sallar nan, sai harshenta ya ƙi. Ta ce gara ya rayu yana ƙin ta da ya mutu yana sonta, ta riga ta gwada ɗayan sau huɗu.

Abin mamaki, wannan matar da ta kasa sauke nata kayan, ita ke sauke na mutane. Ɗana na biyu ya taso da irin wannan zafin rai, yana jifa da duk abin da hannunsa ya kai. Matata ta rame, tana cewa ko don ta yaye shi da wuri ne, ko don ta taɓa marinsa yana zazzaɓi. Goggo ta kira ta ɗakinta, ta ba ta auduga ta ce ta taya ta gurza. Suka yini. Matata ta ce mini abin da ta gaya mata bai fi magana uku ba. Ta ce yaro ba zare ba ne da za a ce hannun mai kaɗi ne ya sa ya yi kauri. Ta ce in ya yi ɓarna ta hukunta shi, in ya huce ta ɗora shi a cinya, kada ta bar ɗayan don ɗayan. Ta ce kuma ta riƙa kiran sunansa da ƙarfi, maƙwabta su ji. Har yau yaron nan yana ba mu aiki, amma uwarsa tana cin abinci tana barci.

Wannan ne ya ba ni ƙarfin zuwa wurinta da nawa. Na ce Goggo, maganar ungulun nan ta daɗe tana cina, ni na kunna wutar. Na zaci za ta ce ta yafe. Sai ta harare ni kamar na sa hannu a tukunyarta. Ta ce ni wasa na yi, ita aka tambaya, ita ta amsa, in bar mata kayanta. Na ce ko rabi ta ba ni. Ta ce ko ƙwara. Na sha faɗa a zaure cewa ban taɓa ganin marowaci irin Goggo ba, za ta ba ka tuwonta da zanenta, amma laifi ba ta sam ma kowa. Ana dariya in na faɗa. Ni na san abin da nake nufi.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba, kwana tara ne. A rana ta tara da hantsi ta sa aka kira ni. Ta ce in tafi Sabon Gari in zo da shi, in ce ita ta ce ya zo. Na tsaya ina kallonta, domin tun da nake ban taɓa jin ta aika a kira shi ba. Ta gane. Ta ce yanzu wurinta aka zo, mutuwa kuma ba ta da hannun ɗaukar biyu, saboda haka ba sauran abin tsoro.

Na yi gudun da rabona da irinsa tun ranar bindigogi. Na same shi a wata rumfa yana gyaran igiyar kaya. Na ce Goggo na kiransa, jikin ya yi tsanani. Ya tambaya ko ita ta faɗa da bakinta. Na ce da bakinta. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wa abokansa su zo su ji sabuwa, ta fi ta kifi. Na rantse. Ya ce ai ranar kifin ma na rantse. Na kama hannunsa, ya fizge, ya ce in mazarinta ne ya ɓace ba ya wurinsa.

Na koma ni kaɗai. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Ta sa na matso da kunnena. Nan ne wurin da na roƙi kada a rage kome, domin ban ƙara ko wasali ba. Ta ce:

"Ka ce mai ɗana na. Ka ce mai tun ran da nig gane shi nike son shi, ko yini ɗaya ban bari ba. Ka ce mai ba don mazari nik koma ba."

Ta sa na maimaita sau biyu. Ana kiran la'asar ta cika, kalmar shahada a bakinta. Allah ya jiƙanta, ya sauke mata abin da ta ɗora wa kanta, ya haɗa ta da huɗun da suka riga ta. Wanda ya karanta wannan ya sa mata da Fatiha.

Sai ranar sadakar uku ya zo, bayan mutane sun watse. Bai zauna a tabarmar ba. Ya tsaya bakin zaure ya tambaye ni ko ta bar wata magana. Na faɗa masa yadda ta faɗa. Ya saurara, idonsa a ƙasa. Da na gama ya ce ya gode, na kyauta, ya san don in sanyaya masa rai na shirya ta, kuma ta yi daɗi. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Ya ce kada in ɗauki zunubi saboda shi. Ya tambaya ko akwai wanda ya ji ban da ni. Babu. Matan duk sun fita ɗebo ruwa a lokacin. Shekara talatin ina tara mutane su saurare ni, ranar da na buƙaci shaida ɗaya ban samu ba.

Kada wani ya zaci ya shiryu. Watan jiya ya zubar wa wani haƙori a kasuwa, a kan hanyarsa ta gudu kuma ya yi karo da wata mai tallan ruwa. Ba wanda ya je ya ɗauki laifin kamar yadda Goggo ta saba. Da yamma na tsinci kaina a gidan mai ginin tukwane. Ta dube ni, ta zaɓo tulu ta miƙo mini.

Amma Juma'ar da ta biyo bayan sadakar uku, ina zaune da zabirar kayan askina, sai ga shi ya zo ya tsuguna a gabana ya cire hula. Tunda ya girma bai taɓa yarda in taɓa kansa ba. Na jiƙa, na fara. Da aska ta zo kusa da kunnen hagu, inda babana ya yanke, sai ya yi magana, kansa a sunkuye.

"Wanzami, yi man ƙaryar nan taka."

Na faɗa masa. Maganar nan uku, yadda ta jera su. Harshena ya yi ta ƙaiƙayi in ce ta yi kuka, in ce ta kira sunansa na yanka, in ce ta miƙa hannu wajen ƙofa. Ban ƙara ba. Da na gama ya ce ƙarya nake, ya sa hularsa ya tafi.

Yau Juma'a ta goma sha ɗaya kenan bai fasa zuwa ba. Kan nan ba ya samun damar tsiro da kome, sau da yawa fata kawai nake bi da aska. Ina bi a hankali, in zagaye kunnen, in jira ya tambaya.